Yadda Ake Ajiye Rabin Kwalbar Giyar Inabi a Kantar Ɗakin Ƙasa

A tsofaffin gidajen Faransa da Ingila da Jamus, inda ake gina ɗaki a ƙarƙashin ƙasa domin ajiyar giyar inabi, kusan duk kantar da za a tarar an ƙera ta ne bisa awon kwalba guda ɗaya, wato mai cin mililita 750. Rabin kwalba, mai cin mililita 375, baƙuwa ce a irin wannan kanta, kuma duk wanda aka ɗora wa alhakin kula da ɗakin, ko mai gida ne ko ma'aikacin gida ko na otal, zai gane haka tun ranar da ya fara zura ta cikin gurbi ya ga ta karkace, ko ta shige can ciki ta ɓace wa ido, ko ma ta zurma tsakanin katakai ta faɗa kan wadda take ƙasa. Wannan jagora ta tsaya ne kan wannan matsala, tun daga awo har zuwa ranar da za a fitar da kwalbar.

Abin da ya kamata a fara sani

Rabin kwalba ba ƙaramar babbar kwalba ba ce kawai, domin an rage mata ciki amma ba a rage mata baki ba. Faɗin bakinta daga ciki kusan milimita 18 da rabi ne, daidai da na babbar, kuma matoshin da ake cusa mata na ɓawon wani itace ne da Turawa ke kira cork oak, wanda ake ɓarewa duk bayan shekara 9 a kudancin Fotugal, ƙasar da ke samar da kusan rabin irin wannan ɓawo a duniya. 'Yar iskar da ta rage tsakanin matoshi da ruwan giya, da wadda ke ratsowa a hankali cikin shekaru, kusan ɗaya ce a kwalaben biyu, sai dai a ƙaramar rabin ruwa ne yake ɗaukar nauyinta. Saboda haka giyar da ke rabin kwalba tana saurin nuna, tana kuma saurin tsufa. Wasu masu zuba giya ma sukan sa wa rabin kwalba gajeren matoshi, mai tsawon milimita 38 a maimakon 45 ko 49, wanda hakan ke ƙara rage mata kariya.

Akwai kuma batun zafi. Duk wanda ya taɓa ajiye ruwa a randa da kuma a ɗan tulu ya san wanda yake fara ɗumi idan rana ta ɗaga. Haka abin yake a nan: ƙaramar kwalba tana bin sauyin zafin ɗaki da sauri fiye da babba, kuma duk lokacin da ruwan ya ɗumama ya kumbura sannan ya huce ya koma, yana tura matoshi yana kuma janyo iska. Daga waɗannan dalilai biyu ne duk sauran matakan suka fito.

Mataki na farko: a rarrabe kwalaben, a auna su

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka duk rabin kwalba sura ɗaya gare su. Kafin a taɓa kanta ko a kira kafinta, a jera kwalaben a kan tebur a kasa su bisa siffa. Ta Bordo, wani yankin giyar inabi a Faransa, tana da miƙaƙƙen jiki da kafaɗa mai tudu, kaurinta kusan santimita 6, tsawonta kusan 24, kuma ita ce mafi sauƙin sha'ani. Ta Burgundi, shi ma yanki ne a Faransa, kafaɗarta a zube take, gindinta ya ɗan fi faɗi, sashen jikinta da yake a miƙe kuma gajere ne, don haka ba ta da wurin kwanciya mai yawa. Ta Shamfen, wato giyar Faransa mai kumfa, ta fi su kauri da nauyi, tana kaiwa kusan santimita 7, domin an yi gilashinta ne don ya jure matsin iskar da ke ciki, wanda ya ninka na sararin waje sau 5 zuwa 6. Sai kuma doguwar siririyar kwalba da ake zuba giyar inabin da aka tsinka a daskare, irin ta Kanada, wadda ruwanta rabi ne amma tsawonta yakan wuce na babbar kwalba, har ta leƙo waje daga kanta. A lura kuma cewa kwalbar giya mai zaƙi ta Tokaj da ke Hungari mililita 500 take ci, ba ta cikin wannan lissafi ko da ido ya ɗauke ta a matsayin rabi.

Awo uku ake buƙata ga kowane kashi: kaurin jiki, tsawon kwalba gaba ɗaya, da tsawon sashen da yake a miƙe daga gindi zuwa inda kafaɗa ta fara lanƙwasa. Na ukun ne mutane suke mantawa, alhali shi ne yake nuna ko kwalbar za ta kwanta daidai. Idan babu abin auna kauri, a zagaya jikin da zare, a auna zaren da tef, a raba da 3.14.

Mataki na biyu: a duba irin kantar da ake da ita

Gurbin kantar da aka saba sayarwa yana da faɗin kusan santimita 9 zuwa 9 da rabi, domin ya karɓi babbar kwalbar Burgundi ko ta Shamfen. Amma faɗin gurbi ba shi ne abin dubawa ba, abin dubawa shi ne abin da kwalbar take kwanciya a kai.

A kanta mai siffar tsani, kwalba tana hawa ne kan siraran katakai biyu da suka taho daga gaba zuwa baya, da rata a tsakaninsu. Idan ratar ta kusa kaurin rabin kwalba, to ko dai ta zurma, ko ta maƙale a tsakani yadda sai an finciko ta, takardar jikinta ta yage. A tsohuwar kantar Ingila, wadda ake haɗa guntayen katako da siraran ƙarafa a gaba da baya, zurfinta bai wuce santimita 22 ko 23 ba, kuma an tsara ta ne don jikin babbar kwalba ya cika zurfin. Jikin rabin kwalba bai kai ba, sai wuyanta ya hau ƙarfen gaba ko gindinta ya rasa na baya. A kantar waya ko ta sandunan ƙarfe masu lanƙwasa biyu, ɗaya na gindi ɗaya na wuya, matsalar ta fi muni, domin tazarar lanƙwasar an yanke ta ne bisa kwalba mai santimita 30.

Gwajin ba shi da wuya. A sami rabin kwalba wadda babu komai a cikinta, a cika ta da ruwa a toshe, a sa ta a gurbi na ƙasa-ƙasa bayan an shimfiɗa tsohon bargo a daɓe, sannan a taɓa wuyanta da yatsa sama da ƙasa, hagu da dama. Idan ta motsa fiye da kaɗan, gurbin yana buƙatar gyara. Kada a yi wannan gwaji da kwalba mai tsada, kuma kada a yi shi a gurbin da akwai wasu kwalabe a ƙarƙashinsa. Na taɓa ganin rabin kwalba ɗaya ta zurma daga jeri na bakwai a wani gida da na yi aiki, ita ba ta fashe ba, amma ta karya wuyan babbar kwalbar da mai gidan ya shekara 20 yana jira.

Mataki na uku: a gyara gurbin

A nan ne aikin yake, kuma hanyoyin ba daidai suke da juna ba.

Hanyar da na fi amincewa da ita ga mai kanta irin ta tsani ita ce a yi wa gurbi daɓe. A yanka siririn falanki mai kaurin milimita 4 zuwa 6, faɗinsa daidai da gurbi, tsawonsa daidai da zurfin kanta, a ɗora shi kan katakan nan biyu. Da haka rata ta toshe. Sai dai kwalba za ta riƙa birgima a kan shimfiɗaɗɗen katako, don haka a manna wasu siraran sanduna biyu a kan falankin, tazararsu kusan santimita 3 da rabi zuwa 4, yadda cikin kwalbar zai zauna a tsakaninsu kamar ƙwai a faifai. A ƙarshe a kafa ɗan guntun katako a baya domin ya tare gindin, a auna wurinsa yadda bakin rabin kwalbar zai tsaya daidai da bakunan manyan da ke maƙwabtaka da ita. Wannan guntun katako na baya shi ne rabin amfanin aikin, domin idan babu shi kwalbar takan shige ciki, kuma kwalbar da ido ba ya gani ita ce ake mantawa har ta lalace.

Hanya ta biyu ita ce bututu. A sami bututun roba na masu aikin famfo wanda faɗinsa na ciki ya kai santimita 7 zuwa 7 da rabi, a yanka shi guntu-guntu daidai da zurfin kanta, a goge bakinsa da takarda mai yashi har ya yi santsi, a zura a gurbi, a toshe bayansa da abin da zai tare gindi. Bututun yana riƙe kowace sura, har da ta Burgundi mai wuyar sha'ani, yana kuma kare takardar kwalba daga ƙarfe da haske. A tsofaffin ɗakunan ƙasa na Turai akan ga an jera bututun yumɓu na magudanar ruwa a jikin bango don wannan aiki, kuma yumɓu ya fi roba, saboda nauyinsa yana rage saurin sauyin zafi. Bututun kwali da ake naɗa takarda a ciki yana aiki na ɗan lokaci, amma a ɗaki mai laima yakan jiƙe ya yi funfuna cikin shekara ɗaya ko biyu, kuma warin jiƙaƙƙen kwali ba abin da ake so kusa da matoshi ba ne.

Hanya ta uku ita ce a bar gurabe ɗai-ɗai a koma ga babban aljihu, wato akwatin kanta mai faɗi, ko mai kusurwa huɗu ko wanda aka raba da katakai masu gicciye, inda ake jibga kwalabe kan juna. Rabin kwalbar Bordo tana jibguwa lafiya saboda jikinta a miƙe yake. Ta Burgundi da ta Shamfen ba sa yarda, domin kafaɗarsu mai gangara tana sa na sama su sulalo gaba sannu a hankali, wani lokaci bayan makonni. Idan dole ne a jibga su, a sa siririn katako ƙarƙashin wuyan kowane jeri, kada kuma a wuce jeri uku. Kada a haɗa manya da ƙanana a aljihu ɗaya, kuma kada a haɗa giya iri biyu, domin duk ranar da aka buƙaci ta ƙasa sai an tayar da dukan na sama, a girgiza guggubin da ya shekara yana kwanciya.

Wanda ya sayi rabin kwalabe a akwatinsu na katako, kamar yadda gidajen giya na Bordo suke fitar da su 12 ko 24, kuma ba ya nufin taɓa su nan kusa, ya bar su a ciki. Babu kantar da ta fi wannan akwati dacewa da su, sai dai a ɗora shi kan katakai biyu don kada ya taɓa daɓe.

Idan kuwa rabin kwalaben sun kai 50 ko fiye, kuma ana ƙara saye duk shekara, gyare-gyare sun zama ɓata wuri, domin kowace ƙaramar kwalba tana cinye gurbin babba. A nan ya fi kyau a sa kafinta ya ƙera sashe na musamman, faɗin gurbi kusan santimita 7 da rabi, ratar katakai kusan 4, zurfi kusan 20. A ba shi ainihin kwalaben ya gwada, kada a ba shi lambobi kawai. A zaɓi katako busasshe marar ƙamshi, kada a shafa masa fenti ko banish mai wari, a yi amfani da ƙusoshin da ba sa tsatsa, sannan a ɗaure kantar da bango daga sama. Cikakkiyar rabin kwalba tana da nauyin kusan giram 700, ta Shamfen ta fi haka, don haka guda 100 sun kai nauyin babban mutum.

Abu ɗaya da nake hana mutane shi ne cusa rabin kwalba biyu a gurbi ɗaya, ɗaya a bayan ɗaya. Tsawonsu a haɗe ya kusa santimita 48, kantar da aka saba ba ta kai haka ba, sai ta gaba ta rataye a waje tana jiran gwiwar mai wucewa.

Mataki na huɗu: a tabbatar da kwanciyarta

Kwalba mai matoshin ɓawo tana kwanciya ne a miƙe, ruwan yana taɓa matoshi, kumfar iska tana saman jiki kusa da kafaɗa. Idan wuya ya ɗaga da yawa, ruwa ya janye daga matoshi. Idan wuya ya sunkuya, guggubi ya taru a baki, kwalbar kuma tana iya sulalowa. Kumfar iskar nan ita ce ma'auninka: a haska tocila a duba inda ta tsaya. A juya takardar kwalba ta fuskanci sama, domin guggubi ya kwanta a ɗaya gefen, kuma a iya karanta ta ba tare da an jujjuya ba.

Kwalba mai murfin ƙarfe na murɗawa, irin wanda ya yawaita a giyar Ostareliya da New Zealand, ba ta buƙatar kwanciya. A tsayar da irinta a kan shimfiɗaɗɗiyar kanta, a bar gyararrun gurabe ga masu matoshi. Wannan kaɗai yakan rage rabin matsalar a gidaje da yawa.

Mataki na biyar: a zaɓa musu wuri a cikin ɗakin

Zafin da ake nema shi ne digiri 12 zuwa 13 a ma'aunin Salshiyas, kuma daga 10 zuwa 15 babu laifi muddin ba ya hawa da sauka cikin yini. Ramukan alli da ke ƙarƙashin birnin Reims na Faransa, inda ake ajiye Shamfen, sun yi suna ne saboda zafinsu ba ya gusawa daga wajen digiri 10 zuwa 12 rani da hunturu. Ɗakin gida ba zai kai haka ba, kuma ba ko'ina a cikinsa ne zafi yake ɗaya ba. Iska mai ɗumi sama take hawa, bakin ƙofa yana shan iskar waje duk lokacin da aka buɗe, bangon da bututun ruwan zafi ko tukunyar ɗumama gida ta bi ta jikinsa kuma ya fi sauran zafi.

A sami ma'aunin zafi mai riƙe mafi sama da mafi ƙasa, a bar shi mako guda a jerin sama, mako guda a na ƙasa, mako guda kusa da ƙofa, a rubuta abin da ya nuna. Wurin da lambobin biyu suka fi kusa da juna, nan ne na rabin kwalabe. Yawanci yakan zama jerin ƙasa na bangon da ya fi nisa da ƙofa. Mutane sukan yi akasin haka, su sa ƙanana a can sama ko a bakin ƙofa don sun fi sauƙin ɗauka, su ba manya wuri mai sanyi, alhali manyan ne suka fi iya jure sauyi. Sai dai kada a sa su a jerin da ya taɓa daɓe idan ɗakin yana shan ruwa lokacin damina ko narkewar ƙanƙara.

Laima ta tsaya tsakanin kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Idan ta yi ƙasa sosai, bayan matoshi yana bushewa ya tsuke. Faranti mai faɗi da aka zuba tsakuwa da ruwa yakan taimaka a ƙaramin ɗaki. Idan ta wuce 80, giyar ba ta cutuwa amma takardu suna ruɓewa, kuma maganin wannan shi ne a naɗe jikin kwalbar da siririyar ledar rufe abinci, a bar wuya da baki a buɗe.

Haske yana da muhimmanci na musamman a nan, domin yawancin giya mai zaƙi da ake sayarwa a rabin kwalba, kamar ta Sauternes da ke yankin Bordo, a farin gilashi take, wanda ba ya tare haske kamar kore ko ruwan ƙasa. Hasken rana da na doguwar fitila mai farin haske suna canza ƙamshin farar giya da Shamfen har ya koma kamar na dafaffen kabeji. A kashe fitila duk lokacin da aka fita, idan kuma akwai 'yar taga, a rufe ta. A nisanta kantar daga injin wanki da firji, a kuma fitar da fenti, kananzir, albasa da duk wani abu mai ƙarfin wari daga ɗakin.

Mataki na shida: alama da littafi

A rataya wa kowace kwalba 'yar takarda a wuya, mai ɗauke da sunan giya, shekarar girbi, da shekarar da ya kamata a buɗe ta. A rubuta da fensir, domin tawada tana narkewa a laima. A ajiye littafi a wajen ɗakin, a shigar da lambar jeri da ta gurbi, ranar saye, da yawan da ya rage. A ba rabin kwalabe shafinsu daban, kada a cakuɗa su da manyan da suke giya ɗaya da su, saboda lokacinsu ba ɗaya ba ne.

Mataki na bakwai: dubawa da fitarwa

Sau biyu a shekara, a farkon bazara da ƙarshen kaka, a bi kwalaben da tocila ba tare da an ciro su ba sai da dalili. Ana neman abu uku: ɗanko ko tabo a bakin kwalba, matoshin da ya turo siririn murfin da ke lulluɓe da bakin kwalba ya kumbura, da ruwan da ya ragu. Raguwar ruwa ta fi tsanani a rabin kwalba, domin santimita ɗaya da ta ɓace a wuyanta kaso ne na abin da ke ciki da ya ninka na babbar kwalba. Duk wadda ta nuna ɗaya daga cikin alamun nan, a matso da ita gaba a fara da ita.

Game da lokacin buɗewa, idan gida yana da giya ɗaya a manya da ƙananan kwalabe, ƙananan ake fara buɗewa, kuma su ne suke ba da labarin inda manyan suka nufa. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa wasu suke sayen su tare. Rabin kwalbar Shamfen marar shekarar girbi, da farar giya marar zaƙi, da farar giyar da ake kira manzaniya ta garin Sanlúcar de Barrameda a kudancin Sifaniya, wadda ake yawan sha a rabin kwalba lokacin bikin Afrilu na birnin Sebiya, duk ba na dogon ajiya ba ne, a sa su inda hannu zai kai cikin shekara ɗaya ko biyu, manzaniya ma cikin watanni. Jar giyar Bordo mai ƙarfi tana iya shekaru, sai dai a fara gwada ta tun kafin lokacin da aka ɗiba wa babbar. Giya mai zaƙi ta Sauternes, irin ta gidan giya na Château d'Yquem da maƙwabtansa, ita ce ta fi kowa haƙuri, domin sukarinta yakan haura giram 100 a lita, kuma shi da tsaminta suna riƙe ta shekaru goma-goma ko a rabin kwalba. Ita ce ta cancanci gurbi mafi duhu kuma mafi sanyi.

Ranar da za a fitar da tsohuwar jar giya, a zaro ta a hankali yadda take kwance, takarda na sama, a tsayar da ita a wuri mai sanyi na yini guda domin guggubi ya sauka gindi, sannan a soke ta daga littafi a rubuta ranar da halin da aka same ta, domin wannan bayanin ne zai nuna ko 'yan'uwanta da suka rage za su ƙara shekara ko a matso da su gaba.